Wa Ke Riƙe da Akalar Aikin Jinya?

"Assalamu alaikum Hajiya. Ina shekarar farko a makarantar koyon aikin jinya. Kullum malamanmu sai su ce, ki yi kaza hukuma ta ƙwace lasisinki. Ni kuwa na kasa gane wace ce wannan hukumar. Ma'aikatar lafiya ce, ko ƙungiyar nas-nas, ko shugabannin asibiti? Sannan akwai yayar wata ƙawata da ta shekara goma tana aiki a asibitin kuɗi, ta fi mu duka iya allura da sa ƙarin ruwa, amma an ce a wurin doka ita ba nas ba ce. Anya an yi mata adalci? Don Allah a yi mini bayani."

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya ba da sa'ar karatu. Tambayoyi biyu kika jefo mini a dunƙule: wa ke da ikon cewa wance nas ce wance ba nas ba ce, da kuma abin da ya sa doka ta fifita takarda a kan hannun da ya ƙware. Na daɗe a ɗakin majinyata, na koyar a makarantar jinya, na kuma zauna a kwamitin da ke bincike idan an kawo ƙorafi a kan ma'aikaciya. Daga nan zan ba ki amsa.

Abin da nake so ki fara riƙewa shi ne, hukumar da ake tsorata ku da ita ba don ke aka kafa ta ba. Don mara lafiya aka kafa ta. Nas-nas da yawa, har da waɗanda suka yi furfura a aikin, suna ɗaukar ta uwa ce da za ta share musu hawaye idan albashi ya makara ko an ci mutuncinsu a bakin aiki, sai su yi ta fushi idan ta yi gum. Alhali aikinta daban ne. Mutumin da aka kawo asibiti tsakar dare bai san ki ba, ba shi da halin tambayar inda kika yi karatu, wataƙila ma ba ya cikin hayyacinsa. Yana miƙa miki hannu ki soka masa allura ne don ya yarda akwai wanda ya riga ya tantance ki. Mai tantancewar nan ita ce hukumar rajista, kuma dokar ƙasa ce ta kafa ta.

Sauran da kika lissafa kowa da nasa fagen. Ma'aikatar lafiya ita ke tsara manufofi, ta raba kuɗi, ta ce asibiti kaza nas nawa zai samu. Asibiti shi ne uban gidanki a wurin aiki: yana iya yi miki gargaɗi, ya canza miki sashe, ya kore ki, amma ba shi da ikon hana ki zama nas. Ƙungiya kuwa taku ce, da kuɗinku take tafiya, ita ke zuwa teburin sulhu a kan albashi, ita ke kiran yajin aiki, ita ke tsaya miki ranar da aka tuhume ki. A Najeriya ƙungiyar ita ce NANNM, hukumar kuma NMCN, sunayen sun yi kama har ɗalibai kan ruɗe. A Birtaniya hukumar NMC ce, babbar ƙungiyar kuma RCN. Idan kina son ki bambance su cikin sauƙi, ki tambayi kanki: ranar shari'a, wa zai zauna a gefena, wa zai zauna yana fuskantata?

Yadda aka faro

Kafin ƙarshen ƙarni na 19, duk macen da ta ga dama tana iya kiran kanta mai jinya a ɗauke ta aiki. Florence Nightingale, wadda ake ɗauka uwar aikin jinya na zamani, ta buɗe makarantarta ta jinya a asibitin St Thomas da ke Landan a 1860, wasu asibitoci suka bi sahu, amma kowanne da irin horonsa, wani mai tsawo, wani gajere, wani suna kawai. Sai wata babbar nas, Ethel Fenwick, ta tashi haiƙan tana neman gwamnati ta buɗe rajista guda, ta yadda kalmar nas za ta nufi abu ɗaya a ko'ina. Abin da zai ba ki mamaki, Nightingale na cikin waɗanda suka fi yi wa wannan adawa. Hujjarta ita ce, abin da ke mayar da mace nas ta ƙwarai hali ne da lura da riƙon amana, kuma babu jarrabawar da za ta auna waɗannan. Kin ga ke nan damuwarki a kan yayar ƙawarki ba sabuwa ba ce, kuma wadda ta riga ki yin ta ba ƙaramar mace ba ce.

Wasu wuraren sun riga Birtaniya. Yankin Cape, a inda yanzu yake Afirka ta Kudu, ya sa rajistar nas cikin dokarsa ta likitoci da magunguna a 1891. Niyu Zilan ta yi doka ta musamman a 1901. Jihar North Carolina ta buɗe fage a Amurka a 1903. Birtaniya sai a 1919, shekara tara bayan rasuwar Nightingale, lokacin da yaƙin duniya na farko ya bar dubban mata masu aikin sa kai da suka yi jinyar sojoji da ɗan gajeren horo, aka rasa yadda jama'a za su bambance su da waɗanda suka yi cikakken karatu. Da aka buɗe rajistar, Fenwick ce lamba ɗaya. A Najeriya hukumar ungozoma ta fara a 1930, ta jinya ta biyo baya a 1947, aka haɗe su wuri guda da doka mai lamba 89 ta 1979.

Tsarin ba iri ɗaya ba ne a ko'ina. Birtaniya, Najeriya, Gana da Afirka ta Kudu kowacce hukuma ɗaya gare ta ga ƙasa baki ɗaya. Amurka kowace jiha da tata hukumar da tata dokar, sai dai jarrabawar shiga guda ce, wadda ake kira NCLEX. Faransa ta bi salon majalisar 'yan sana'a da nas-nas ke zaɓar shugabanninta, aka kafa ta da doka a 2006. Ostareliya kuwa tun 2010 ta tattara hukumomin ma'aikatan lafiya ƙarƙashin inuwa ɗaya.

Bambancin da ni na fi ba muhimmanci ba wannan ba ne. Shi ne su wa ke zaune a kan kujerun hukumar, kuma wa ke biyan kuɗin tafiyar da ita. A da, nas-nas zalla ke hukunta nas-nas, da hujjar cewa sai ɗan sana'a ya san sana'a. Hujjar na da gaskiya, amma tana da rauni: ɗan'uwa kan rufa wa ɗan'uwa asiri. Shi ya sa yanzu majalisar NMC ta Birtaniya take da mutum 12, shida 'yan sana'a, shida daga cikin jama'a, sannan akwai wata hukuma a samanta da ke duba hukunce-hukuncenta, har tana iya ɗaukaka ƙara zuwa kotu idan ta ga an yi sassauci fiye da kima. Kuɗinta daga abin da masu rajista ke biya yake fitowa, ba daga baitulmali ba. Ta Najeriya kuwa tana ƙarƙashin Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya. Ko wanne da matsalarsa. Hukumar da ke hannun gwamnati takan ji nauyin faɗa wa gwamnati gaskiya, wadda ke hannun 'yan sana'a takan ji nauyin faɗa musu.

Ikonta ya fara tun kina aji

Ɗalibai na zaton sai sun gama karatu za su haɗu da hukuma. A'a, kujerar da kike zaune a kai yanzu ma da izininta aka ajiye. Ita ke amincewa da makaranta, ta duba manhaja da malamai da ɗakin gwaji da asibitin da za ku yi aikin koyo, ta kuma ƙayyade yawan ɗaliban da za a ɗauka. Wannan ƙayyadewar ba mugunta ba ce. Gadaje nawa ne a asibitin koyon? Idan ɗalibai arba'in suka kewaye majinyaci ɗaya, biyu ne za su taɓa, sauran kallo za su yi su koma gida da suna sun yi aikin asibiti. A ƙasashen Tarayyar Turai dokar 2005 ta ce horon nas kada ya gaza shekara uku da sa'o'i 4,600, kuma aƙalla rabinsa a bakin gadon majinyaci za a yi shi.

Shawarata a nan ba ta da kwana-kwana. Ki tabbatar da idonki cewa sunan makarantarki yana cikin jerin da hukuma ta amince da su, kuma ki tabbatar an shigar da sunanki a matsayin ɗaliba a wurin hukumar, an ba ki lamba. Na ga 'yan mata da suka gama shekara uku cif, iyaye sun zuba abin da suke da shi, ranar rajistar jarrabawar ƙarshe aka ce makarantar ta ɗebi ɗalibai fiye da adadin da aka ba ta, sunayensu ba sa cikin lissafi. Babu kukan da ke gyara wannan cikin sauri. Kada kuma ki ɗauka matsalar ƙasashe matalauta ce kawai. A Janairun 2023 hukumomin Amurka suka fallasa wasu makarantu a jihar Florida da suka sayar da takardun shaidar jinya na bogi sama da 7,600, waɗanda masu saye suka yi amfani da su suka zauna jarrabawar lasisi.

Bayan makaranta sai jarrabawar hukuma, sai a rubuta sunanki a rajista, a ba ki lasisi. Daga ranar doka ta ba ki suna, ta kuma shata miki iyaka. Akwai abin da za ki yi da ikon kanki, akwai wanda sai likita ya rubuta, akwai wanda sai kin ƙaro karatu. Iyakar nan tana motsi. A Birtaniya tun 2006 nas da ta yi horo na musamman tana rubuta kusan duk maganin da ke cikin fannin da ta ƙware, a jihohi da dama na Amurka ma manyan nas-nas suna duba marasa lafiya su rubuta magani ba tare da sa hannun likita ba. A wata ƙasar kuwa wannan aikin laifi ne. Don haka "na iya" ba ya isa hujja. Tambayar da za a yi miki ita ce, an yarje miki?

Yayar ƙawarki

Ba na shakkar ta fi ki iya neman jijiya. Na yi aiki da irinsu, wasu hannunsu kamar an zana. Amma neman jijiya shi ne mafi sauƙin abin da ke cikin aikinmu, duk mai natsuwa zai koya cikin 'yan watanni. Abin da ake shekara uku ko biyar ana dasa muku shi ne sanin lokacin da bai kamata a yi ba. Ledar ruwan da za ta farfaɗo da mai gudawa ita ce za ta cika huhun mai ciwon zuciya har numfashi ya gagare shi. Sinadarin potassium idan aka tura shi kai tsaye cikin jijiya ba a sirka ba yana iya tsayar da zuciya nan take. Maganin zuciya na digoxin ba a ba babba shi sai an ƙirga bugun jini, idan ya gaza 60 a minti ɗaya a dakata a kira likita. Likita na iya rubuta adadin babba a katin yaro don gajiya, nas ce shinge na ƙarshe da za ta ce, ranka ya daɗe, sake duba wannan. Wadda ta koya da ido tana maimaita abin da ta saba gani, kuma zai yi mata daidai sau ɗari. Na ɗari da ɗaya ne doka take tsoro.

Dalili na biyu ya fi wannan ƙarfi a wurina. Ki ɗauka ta yi kuskuren da ya kashe mutum. Mai asibitin zai sallame ta cikin sirri, gobe ta sa farin kaya a wani asibitin, babu inda aka rubuta. Ke kuwa idan kika yi, akwai rajistar da za a soke sunanki, kuma duk mai ɗaukar aiki zai iya dubawa. Lasisi yana ba ki daraja ne daidai gwargwadon yadda ake iya ƙwace shi. Wadda ba ta da abin ƙwacewa, jama'a ba su da abin riƙe ta da shi.

Sai ki kula da wani tarko da ke jiran ki. Ranar da kika zama nas mai rajista kika ce wa mara rajista ta je ta yi wa gado na huɗu allura, alhakin bai bar wuyanki ba. Hukuma ba ta da hurumi a kanta, a kanki take da shi.

To an yi mata adalci? A ganina doka ta yi daidai da ta hana ta sunan. Inda ake cutar irinta shi ne a bar ta shekara goma ana cin moriyar hannunta da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ba a buɗe mata ƙofar shiga ba. Laifin mai asibitin da ya sa mata yunifom ya bar majinyata suna ce mata nas ya fi nata. Ƙasashe da dama sun gane cewa hana mataimaka aiki ba zai yiwu ba, sai suka yi musu matsayi na biyu a rajista, da gajeren horo da iyakar aiki a rubuce. Amurka na da su, Afirka ta Kudu da Ostareliya na da su, Ingila ma ta fara rajistar irin wannan matsayi a 2019. A Najeriya wadda ake kira mataimakiyar nas da ta koyi aiki a asibitin kuɗi ba ta da gurbi a rajistar NMCN. Hanyarta ita ce ta cika sharuɗɗan shiga makarantar da aka amince da ita. Waɗanda na koyar masu irin tarihinta sukan sha wuya a darasin ilimin jiki da na magunguna, amma a ɗakin majinyata babu mai kamo su.

Abin da ke jawo ƙwace lasisi

Malamanku suna ɗan ƙara gishiri don ku natsu. Ba kowane kuskure ke kai mutum gaban hukuma ba, kuma ba kowane zuwa gabanta ke ƙarewa da kora ba. Ƙorafi kan fito daga majinyaci, ko danginsa, ko asibiti, ko abokin aiki, ko 'yan sanda. A fara tacewa, a yi bincike, a ba ki dama ki kare kanki, sannan kwamiti ya zauna. A Birtaniya hukuncin hawa-hawa ne: gargaɗin da zai zauna a fayil ɗinki shekara ɗaya zuwa biyar, ko a bar ki ki yi aiki da sharuɗɗa, ko a dakatar da ke har zuwa shekara guda, ko a soke sunanki, kuma ba ki da damar neman a mayar sai bayan shekara biyar. Dokar Najeriya ma ta tanadi kotun ladabtarwa ta nas-nas da ungozomomi.

Abin da zaman kwamiti ya koya mini shi ne, kuskure ba shi ke kashe nas ba, ɓoye shi ne. An taɓa kawo mana mata biyu a lokuta daban, laifinsu kusan ɗaya, kowacce ta ba majinyaci maganin maƙwabcinsa. Ta farko tana ganewa ta kira likita, ta rubuta abin da ya faru da lokacinsa, ta tsaya a kan majinyacin. Ta biyu ta goge rubutun katin ta sake wani. Majinyatan duka sun tashi lafiya. Ta farko horo aka sake ba ta. Ta biyu kuwa maganarta ta wuce asibiti, domin wadda ta gyara kati sau ɗaya, babu wanda zai ƙara yarda da abin da ta rubuta, kuma da rubutunta likita ke yanke shawara. Ƙarya a takarda, satar magunguna masu sa maye, cin zarafin majinyaci, tona asirinsa, zuwa aiki a buge, waɗannan su ne ke cin lasisi. A zamanin nan sai ki ƙara da ɗaukar hoton mara lafiya a saka a Facebook ko TikTok, ko da fuskarsa ba ta fito sosai ba.

Ki kuma sani cewa hanyoyi uku ne, kowacce tafiyarta daban: ta asibiti, ta hukuma, ta kotu. Asibiti na iya yafe miki hukuma ta kama ki. Kotu na iya wanke ki hukuma ta ce duk da haka ba ki cancanci riƙe majinyaci ba, don ma'auninsu ba ɗaya ba ne. A jihar Tennessee ta Amurka, a 2017, wata nas ta ɗauko maganin da ke shanye tsokoki maimakon na kwantar da hankali, majinyaciyar ta rasu. Da bakinta ta faɗi kuskuren. Hukumar jihar ta ƙwace lasisinta a 2021, a 2022 kotu ta same ta da laifin kisa ta hanyar sakaci, aka yi mata ɗaurin talala na shekara uku. Shari'ar ta girgiza nas-nas a ƙasashe da yawa, don tsoron kada gurfanar da wadda ta faɗi gaskiya ya koya wa na baya yin shiru. Ni ma ina da wannan tsoron, ko da yake ta tsallake gargaɗi fiye da ɗaya kafin ta tura maganin. Ni nas ce, ba lauya ba. Ranar da takardar tuhuma ta zo hannunki, wakilin ƙungiya da lauya za ki nema kafin ki rubuta ko kalma ɗaya.

Inda hannun hukuma ba ya kaiwa

Hukumar rajista tana ba direba lasisi ne, ba ta gyara hanya. Za ta tambaye ki me ya sa ba ki duba majinyacin gado na goma a kan lokaci ba, amma ba ita ke da ikon hana a bar ki ke kaɗai da mutum talatin a aikin dare ba. Wannan shi ne babban giɓin da ke cikin tsarin, kuma bincike ya nuna girmansa. Mai bincike Linda Aiken da abokan aikinta sun wallafa a 2002 cewa a asibitocin jihar Pennsylvania, duk majinyaci ɗaya da aka ƙara wa nas yana ƙara haɗarin mutuwar waɗanda aka yi wa tiyata cikin kwana 30 da kashi 7 cikin 100. A 2014 suka sami kusan wannan adadin a ƙasashe tara na Turai. A asibitin Stafford na Ingila, inda aka bar majinyata cikin ƙazanta da ƙishirwa, rahoton Robert Francis, lauyan da ya jagoranci binciken, na 2013 ya nuna yadda shugabanni suka rage ma'aikata don cike giɓin kuɗi, alhali nas-nas ɗin wurin masu rajista ne. Rajista ba ta hana ba.

Shi ya sa tsari mai kyau yake buƙatar wata hukuma daban mai duba asibitocin kansu, kamar CQC a Ingila, ko doka irin ta jihar Kalifoniya ta 1999, wadda ta fara aiki a 2004, da ta ƙayyade cewa nas ɗaya kada ta riƙe fiye da mutum biyu a ɗakin kulawa ta musamman. Inda babu irin wannan, abin da ya rage miki shi ne alƙalami. Idan aka bar ki da aikin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya, ki sanar da na gaba da ke a rubuce, da rana da lokaci da yawan majinyata, ki ajiye kwafi. Ba zai ƙara miki hannu a daren ba. Amma ranar da aka zo bincike, wannan takardar ce za ta raba laifinki da na wanda ya tsara aikin.

Lasisi ba ya ƙetare iyaka da kansa

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ya ƙiyasta nas miliyan 27.9 a duniya, da giɓin miliyan 5.9, kuma ɗaya cikin takwas tana aiki ne a ƙasar da ba nan aka haife ta ko ta yi karatu ba. Na san rabin ajinku da wannan mafarkin suka shigo. To ki sani kowace ƙasa da nata rajistar. Mai son shiga ta Birtaniya sai ta ci jarrabawar Turanci, da ta kwamfuta, da ta gwajin aiki da hannu. Mai son Amurka sai NCLEX da sharuɗɗan jihar da ta nufa. Kuma dukansu za su rubuto wa hukumar ƙasarki su tambaya ko sunanki na nan, ko akwai tabo a fayil ɗinki. Tabon da kika samu a gida zai riga ki sauka.

A nan ne hukumomin ƙasashen da ke asarar ma'aikata suke shiga tsaka mai wuya. A Fabrairun 2024 NMCN ta fito da ƙa'idar cewa sai nas ta yi shekara biyu tana aiki kafin a tantance takardunta ga wata ƙasa, nas-nas suka yi zanga-zanga a Abuja da Legas. Na fahimci zafin gwamnati, ta horar wasu sun kwashe. Amma a ra'ayina tabbatar da cewa wance nas ce magana ce ta gaskiya ko ƙarya, bai kamata a mayar da ita takunkumi ba. Riƙe ma'aikata aikin ma'aikatar lafiya ne, da albashi da kayan aiki da tsaro ake yin sa.

Ko kin tafi ko kin zauna, lasisi ba na har abada ba ne. A Najeriya duk shekara uku ake sabuntawa, kuma sai kin nuna shaidar halartar horon ƙarin ilimi na dole. Birtaniya tun Afrilun 2016 ta tsaurara nata: cikin kowace shekara uku sai kin nuna sa'o'i 450 na aiki, sa'o'i 35 na ƙarin ilimi, ra'ayoyi biyar daga majinyata ko abokan aiki, da rubutu biyar na nazarin aikinki, sannan wani ya sa hannu ya tabbatar. Mutane kan raina wannan ɓangaren har sai ya cije su. Wadda lasisinta ya ƙare ta ci gaba da aiki, a idon doka ba ta da izini a waɗannan kwanakin, kuma idan tsautsayi ya faɗa cikinsu, abin da mai bincike zai fara nema ke nan kafin ya buɗe katin majinyaci. Asibitoci da yawa ba sa tuna wa kowa, don haka ranar ƙarewar ki rubuta ta inda za ki riƙa gani, ki fara tara shaidun horo tun shekarar farko, kada ki bari sai saura wata guda.